Tambayi Masta: Ƙaramar jif za ta kai ni gona da damina?

Salamu alaikum Masta, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo nan Kumasi, masara da doya nake sarowa, kusan duk sati biyu ina kan hanyar Ejura da Atebubu. Matsalar in na sauka daga kwalta zan shiga ƙauyuka wajen manoma, da rani gargada da ƙura, damina kuwa in ta zauna sai dai in aje Corolla ɗina a bakin titi in hau aboboya, keken kaya mai ƙafa uku. Na gaji wallahi, shekaru sun fara ja. Kuɗin Prado ba ni da shi. Babban yarona kullum hoton Ford Bronco Sport yake nuna min a waya wai don daji aka yi ta, abokin cinikina kuma ya ce RAV4 ko ba komai. Wanne zan ɗauka? Kuma za ta iya ɗauko min kaya?
Alhaji, daga Aboabo

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu je kan suna bari in fara da abin da masu saida mota ba sa son faɗa. Duk waɗannan ƙananan jif ɗin, RAV4 ne, CR-V ne, Tucson ne, Forester ne, har Bronco Sport ɗin da yaronka ke so, ginin ƙaramar mota gare su, bodi da shasi a haɗe suke abu ɗaya kamar Corolla ɗinka, an dai ɗaga su sama ne an ƙara musu jan baya. Prado da Hilux da Land Cruiser kuwa shasin ƙarfe ne daban aka ɗora bodi a kai, ga giyar ƙarfi da ake sawa mota ta riƙa rarrafe a laka ko kan dutse. Ƙananan nan ba su da wannan giyar ta gaskiya. To amma hanyar da ka kwatanta, burji da laka da ramuka, ba hawan dutse ba ne, ƙaramar jif mai kyau za ta yi maka, in ka san wadda ka saya kuma ka san iyakarta.

Na farko, don Allah Alhaji kar ka yarda da rubutun bayan but. RAV4 da yawa da ake saukewa a Tema daga Amurka ƙafar gaba kawai ke ja, siffar jif ce amma a laka ita da Corolla duk ɗaya, kuma harafin AWD ɗin nan, mai nufin jan ƙafa huɗu, da gam ake liƙa shi, kowa na iya liƙawa. Ka kai ta kan rami ko wajen wankin mota, ka sauka da kanka ko ka tura fitta ɗinka, wato makanike, ya leƙa ƙasa. In mai injin fetur zalla ce, ba mai haɗin lantarki ba, dole ka ga farfela, dogon ƙarfen nan da ya taso daga giyabos ya tafi baya, ka ga aksil biyu sun shiga tayoyin baya. In babu, to babu, ko mai motar ya rantse da me.

Na biyu tsayin cikinta daga ƙasa, nan ne shekarar mota ke da muhimmanci, mutane kuma ba sa lura. Toyota ta fara RAV4 a 1994, amma ba duka suke ɗaya ba. Ta 2006 zuwa 2012 cikinta wajen santimita 19 ne daga ƙasa, ta 2013 zuwa 2018 da ta cika gari yanzu sai aka sauke ta zuwa wajen 16, don matan Amurka masu kai yara makaranta aka yi lissafin ba don hanyar Atebubu ba, sai daga 2019 aka sake ɗaga ta zuwa 21 ko 22. A cikin na 2019 ɗin akwai samfurin Adventure, sai TRD Off-Road da ya biyo a 2020, su ne aka ɗan shirya wa daji, akwai maɓallin zaɓen laka da yashi ko dutse da burji. Santimita 5 kamar ba komai ba ne a baki, amma inda manyan lori masu ɗaukar doya suka haƙa hanya suka bar tudu a tsakiya, wannan biyar ɗin ita ce tsakanin ka wuce da ka fasa tukunyar baƙin mai.

Bronco Sport kuwa ba zan kushe ta ba, yaronka yana da ido. Samfurin 2021 ne na farko, a kan ginin Ford Escape aka yi ta, kowacce ƙafa huɗu ke ja, kuma mai suna Badlands mai injin 2.0 tana shiga inda RAV4 za ta tsaya tana tunani. Abin da ke hana ni ce maka ka saya shi ne ranar da wani abu ya lalace. Ni a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, nake tun ina yaron shago, kayan Toyota in ka zaga layi biyu ka samu sabo da hom-yus, wato na hannu, ka zaɓa, in ya ɓace a nan ka kira kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Ankara (Accra), gobe da safe yana cikin bas. Na Bronco Sport sau da yawa oda za a yi daga waje, mota na zaune kai kana biyan aboboya, ga injin turbo ne mai son mai mai kyau da baƙin mai na asali a kan lokaci. Yanzu ka ɗauka a Amantin ta tsaya maka da magariba, wane fitta ne zai buɗe ta da ƙarfin zuciya?

Akwai wadda ba ka ambata ba kuma ina ganin girmanta, Subaru Forester. Cikinta santimita 22, ƙafa huɗunta kullum a cikin aiki suke ba sai gaba ta zame ba, a laka ta fi RAV4 natsuwa, wannan na gani da idona. Sai dai daga samfurin 2014 giyarta ta atomatik CVT ce, mai aiki da sarƙa, ba ta son zafi ba ta son a zuba mata kowane irin mai, kuma masu gyaranta a Kumasi ba su kai na Toyota yawa ba. In kana da fitta da ya san ta, bismillah.

Ni dai in ni ne kai, RAV4 mai jan ƙafa huɗu, injin 2.5, ta 2019 zuwa sama in aljihu ya kai, in bai kai ba gara tsohuwar ta 2012 mai lafiya da ta 2015 mai ƙyalli, ka dai tuna kwastan na ɗora tara kan motar da ta haura shekara 10 in kai za ka shigo da ita. Ka karɓi lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, ka sa yaron nan mai waya ya bincika tarihinta, don da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su a Amurka a gyara a fesa fenti. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen ƙasan kujera ko ya yi tsatsa.

Batun kaya kuma a'a Alhaji. Duk abin da za ta ɗauka har da kai da fasinja bai fi rabin tan ba, yana rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba. Buhun masara ɗaya kilo 100 ne ko fiye, ka sa huɗu ka zauna, ka gama da ita, bayan ya zauna, tsayin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, shokazoba kuma sai ta Allah. Ita ta kai ka ka ga kaya ka yi ciniki, motar kaya Kia ta ɗauko.

*

Masta ina wuni. Motata AWD ce, mun je biki wani ƙauye bayan Offinso aka yi ruwa, ta kafe a laka, ina taka mai taya na ta juyawa a banza har samari suka zo suka tura mu, ga ƙawayena a ciki kunya kamar in nutse. Ashe ƙarya ce jan ƙafa huɗun?
Hajiya, daga Asawase

Hajiya sannu, Allah ya kiyaye gaba. Abu biyu zan so a duba kafin a ce ƙarya ce. Akwai wani hali da wasu masu gyara ke yi wanda ke ɓata min rai ƙwarai, in abin da ke haɗa jan baya ya fara ƙara, maimakon a gyara sai a kwance farfelar a aje, mota ta ci gaba da tafiya lafiya a kwalta, mai ita bai sani ba sai ranar laka. A leƙa a gani tana nan? Sai taya. Yawancin motocin nan da tayar kwalta suke zuwa, wata ma ta suɗe, laka na cika zanen ta koma kamar sabulu, ko ƙafa takwas ke ja ba inda za ta. In kina yawan fita gari ki sa masu rubutun A/T a jiki, wato tayar kwalta da daji, huɗun duka iri ɗaya girma ɗaya, don in sun bambanta su ne ke cinye kayan jan bayan.

Sannan taka mai da ƙarfi shi ya ƙara binne ki. Irin motar nan gaba ke ja, sai kwamfuta ta ji santsi ta tura ƙarfi baya, to in kin san laka na gabanki ki duba ko akwai maɓallin LOCK kusa da sitiyari ko giya, ki danna tun kafin ki shiga, a RAV4 yana riƙewa ne in gudu bai wuce kilomita 40 ba. Ki shiga a hankali ba tsayawa. In ta kafe ki ɗaga ƙafa, fasinja su sauka, a kashe maɓallin hana santsi, a ɗan rage iskar taya, a cusa itace ko kafet ɗin ƙafa a ƙarƙashi, ki yi gaba kaɗan baya kaɗan har ta samu abin kamawa. Kina fita kwalta a mayar da iska.

*

Masta in ruwa ya cika titi kamar yadda rafin Aboabo ke yi, jif ɗina zai iya ratsawa?
Ɗalibinka, daga Sawaba

Ƙanina in ruwan ya wuce tsakiyar taya ka juya, in yana gudu ko bai kai nan ba ka juya. Bakin da injin ke shaƙar iska yana nan bayan fitilar gaba ko saman lagireto, bai da nisa da ƙasa kamar yadda kake zato, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kofi ɗaya ya shiga silinda sai ya lanƙwasa ƙarfen fistin, sai sauke inji. In har ta mutu maka a cikin ruwa kar ka sake murza makulli ko sau ɗaya, ka fito, a ja ta zuwa gareji a cire fulogi a fitar da ruwan, a canza baƙin mai da matatar iska, a duba man giya da na aksil ɗin baya ko ya koma kalar koko.