Amsa ga mai tambaya kan PhD a lafiyar matasan Latino

Ƙanwata tun jiya na ga tambayarki, wai kin samu gurbin PhD a Amurka amma farfesar da za ta duba ki duk bincikenta kan lafiyar matasan Latino ne, wato mazauna Amurka 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka da galibi ake Sifaniyanci, ke kuma ko gaisuwa ba ki iya da Sifaniyanci ba, ki karɓa ko ki jira wani. Ni dai shawarata ki karɓa. Na yi shekara biyar a irin wannan aikin kafin na fara koyarwa, to bari in gaya miki abin da na gani.

Mutanen nan ba tsiraru ba ne yadda muke zato daga gida. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kuma a cikin yara huɗu a Amurka ɗaya nasu ne, fannin ba zai mutu ba. Amma kar ki haɗa su a kwando ɗaya. Ɗan Puerto Rico ɗan ƙasa ne tun haihuwa kuma asma ta fi damun yaransu, ɗan Meziko daban, wanda ya tsallako daga Guatemala bara shi ma daban, wani ma Sifaniyancin ba harshen uwarsa ba ne. Ki nemi babban binciken nan kan lafiyar Latino mai suna HCHS/SOL da ya fara ɗibar mutane a 2008, sama da mutum 16,000 a Bronx da Chicago da Miami da San Diego, yana da reshen yara da ake kira SOL Youth, ɗalibai da yawa daga bayanansa suke fitar da kundinsu.

Maganar yare kuwa, ki koya, dole ne, amma yaran kansu yawanci Turanci za su yi miki. Iyayen ne aikin. Ranar farko da na je neman yaran da za su shiga bincikenmu a wani coci, na jera fom ɗin amincewa a tebur da biro da komai, iyaye sun kai ashirin a zaune, wallahi babu wanda ya sa hannu. Wata uwa ta ɗauki fom ɗin ta juya shi gaba da baya ta nuna layin adireshi da yatsa ta ajiye. Ashe tsoron jami'an shige da fice ne, ni ko kaina bai kawo ba. Sai da wata promotora, wato matan unguwa da ake horarwa su shiga gida-gida suna wayar da kai kan lafiya, ta tashi ta yi musu magana minti goma sannan aka fara miƙo hannu. Nan take na tuna matan da ke bin gidaje lokacin rigakafin shan inna a Kano, kusan abu ɗaya ne. Daga ranar ban ƙara fita ba sai da ita, kuma muka roƙi kwamitin ɗa'ar bincike ya bari mu cire adireshin.

Kuma ki shirya tambayar 'yar shekara 15 maganar jima'i da shaye-shaye da tunanin kashe kai, mu da muka taso da kunya abin yana da nauyi a baki, ni sai da na yi ta maimaitawa gaban madubi.

Sai kuɗi, a nan ne ba a gaya mana gaskiya. Makarantun kiwon lafiyar al'umma da yawa malami shi ke nemo kaso mai tsoka na albashinsa daga tallafin bincike, galibi na NIH, hukumar gwamnatin Amurka mai ɗaukar nauyin binciken lafiya. Cikin tallafinta, F31 na ɗaliban PhD da K01 na waɗanda suka gama sai ɗan ƙasa ko mai girin kad, wato izinin zama na dindindin, ke da bizar ɗalibi ba ki ciki, K99, shi ma na waɗanda suka gama PhD, shi ne ba ruwansa da wannan sharaɗin. Sannan a 2025 an soke tallafi da dama da suka shafi bambancin lafiya tsakanin ƙabilu, saboda haka kafin ki sa hannu ki tambayi farfesar kai tsaye kuɗinta na shekara nawa ne, in ya yanke wa zai biya ki. Ki kuma nemi ɗalibanta biyu ku yi waya ba ta wurin, ki ji ko tana sa sunansu a gaba in an buga takardar bincike.

Lissafin ƙididdiga ma ki riƙe shi da kyau, da manhajar R ko Stata, shi za ki ci abinci da shi ko gida kika dawo. In kina so ki turo min wasiƙar da suka aiko miki ta inbos in duba sharuɗɗan kuɗin.