Muryar da aka tura guruf kan maganar Ekong

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanina na ji muryarka, wadda kake cewa wai Troost-Ekong ba wani ɗan baya ba ne, fenariti biyu ne kawai suka ɗaga shi har aka ba shi gwarzon gasar Afirka da aka yi a Kodebuwa a 2024, kuma wai a Watford ma benci ya ɗumama. To ka yi haƙuri ka saurare ni, don wallahi maganar nan ban yarda da ita ba.

Ka fara duba ta inda mutumin nan ya biyo. A Holan aka haife shi 1993, uwarsa 'yar can ce, babansa ɗan Najeriya, ya yi makarantar ƙwallo ta Tottenham amma ko wasa ɗaya bai buga wa manyansu ba, ya koma Holan, Groningen, aka tura shi aro Dordrecht, daga nan Gent ta Beljiyam ta ɗauke shi ita ma ta miƙa shi aro Haugesund can Norwe. Ka ga dai ba hanyar 'yan gata ba ce wannan. Kuma fa ya buga wa matasan Holan, amma da koci Keshi, Allah sarki, ya kira shi, zuwa ya yi. Wasansa na farko a Kaduna aka yi shi, watan Yuni 2015, da Chadi, muka ci 2-0. Na tabbata a guruf ɗin nan akwai waɗanda suke filin Ahmadu Bello ranar.

Shekara na zagayowa yana cikin yaran Siasia da suka je Olamfik a Brazil, waɗanda jirginsu ya sauka 'yan awanni kafin wasa da Japan kuma suka ci 5-4, har suka dawo da tagulla bayan sun doke Honduras 3-2. Shi da Shehu Abdullahi namu na Sakkwato suna baya tare, daga baya ma suka sake haɗuwa a Bursaspor ta Turkiyya.

Yanzu maganar kurakurai, ai ba na musu. A kofin duniya na Rasha 2018, wasanmu da Kuroshiya, shi ya rungume Mandzukic a cikin da'ira, alƙali ya busa, Modric ya ci. A Masar 2019 wasan kusa da na ƙarshe da Aljeriya, ƙwallon da Mahrez ya bugo a jikinsa ta bugu ta shige ragarmu. A Watford ma, bayan ya taimaka musu sun hau Firimiya a 2021, kakar da ta biyo baya ya sha wuya sosai, gudun 'yan gaban Ingila ya fi ƙarfinsa a wasanni da dama, ƙungiyar ta koma ƙasa. Duk gaskiya ne. Amma ƙanina ka ɗauki wannan ka bar sauran, ai ba adalci. A wannan gasar ta Masar ɗin dai, kwana huɗu kafin ya ci gida, wa ya fitar da mu kunya a hannun Afirka ta Kudu? Ana 1-1, minti na 89, aka bugo kwana, gola ya fito ya yi tsalle ƙwallo ta wuce hannunsa, Ekong na tsaye a bakin raga ya tura ta ciki. Da babu wannan ƙwallon ai babu ma maganar tagullar da muka samo.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne abin da ya faru kafin gasar Kodebuwa. Koci Peseiro ya ajiye shi, an daina kiransa na wani lokaci, mutane har sun fara cewa nasa ya ƙare, ya bar Ingila ya yi aro a Salernitana sannan ya koma PAOK ta Girka. Wani da zuciya zai yi ya ce ya bar buga wa ƙasa, ya hau soshiyal midiya yana zage-zage. Shi kuwa shiru ya yi ya ci gaba da aikinsa, aka dawo da shi, kuma da yake Ahmed Musa wanda shi ne kyaftin ba ya shiga fili, shi ya ɗaura kambun.

To duba aikin bayan nan da kyau. Mutum uku aka jera, Ajayi a dama, Bassey a hagu, shi a tsakiya, Nwabali a raga. Bayan ƙwallo ɗaya da Ikwatoriyal Gini ta ci mu a wasan farko, wasa huɗu a jere babu wanda ya leƙa ragarmu, Kodebuwa, Gini Bisau, Kamaru, Angola. Wannan ba fenariti ba ne ƙanina, tsari ne, kuma duk wanda ya taɓa buga lamba biyar ko a filin unguwa ne ya san na tsakiyar nan shi ne baki, shi ke cewa ku fito, ku koma, kai riƙe wancan. In ka sake kallon wasannin ka daina bin ƙwallo da ido, ka kalli hannunsa kawai, kullum a ɗage yana nuni yana jan layi.

Su kansu fenaritin da kake rainawa, ka san nauyinsu kuwa? Na farko a Abijan, gaban masu masaukin baƙi, fili cike da lemu-lemun riga ana ihu, ga Osimhen a fili, amma ɗan baya ne ya ɗauki ƙwallo ya dasa. Na biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, gaban Ronwen Williams, golan da ya tare fenariti huɗu a wasansu da Kef Bade kwanaki kaɗan kafin nan, kuma shi ne dai golan da ya ci a 2019. Ya ci shi a cikin wasa, aka zo bugun raba gardama ya sake cin shi. Sannan ta ukun ai da ka ya ci ta, ranar 11 ga Fabrairu 2024 a wasan ƙarshe da Kodebuwa, ya tashi sama ya fi kowa. Eh, Kessie ya farke, Haller ya riga shi sa ƙafa a ta biyu, kofi ya kuɓuce mana, har yau abin na yi min ciwo. Amma ka sani da rauni a cinya ya ƙarasa gasar, yana komawa sai da aka yi masa tiyata. In ka haɗa da ta Afirka ta Kudu a 2019 da wadda ya ci Gini Bisau a Garwa a gasar Kamaru, ƙwallo 5 ke nan a gasar Afirka, ɗan baya fa.

A kulob kuma PAOK ta ɗauki kofin lig na Girka a 2024 yana cikinsu, sannan ya tafi Al-Kholood ta Saudiyya. A Disamban 2025 ya sanar da ya ajiye rigar Super Eagles bayan wasa sama da 80.

Ni ban ce ya kai Keshi ba, ban ce ya kai Yobo ba, su sun ɗaga kofi shi bai ɗaga ba, kuma Yobo ya yi shekaru yana buga wa Everton a Firimiya, abin da Ekong bai iya ba. Amma daga 2015 zuwa yau ka kawo min ɗan baya ɗaya da ya yi wa Najeriya abin da ya yi, ina nan ina jiran muryarka.