Kada ka goge faifan nan tukuna

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kwastoma ya kawo laftof mai Windows 10, yana so a mayar masa da ita Windows 7 saboda manhajar injin yanka sitika na shagonsa ba ta tashi sai a kanta. Ka sa filash, ka kai wurin zaɓen fatishan, allo ya ce ba za a iya ɗora Windows a wannan faifai ba domin tsarinsa GPT ne. Kana tambaya ko ka goge komai ka sake rabawa.

Kada ka goge. Lafiyar faifan ƙalau, ƙofar da ka shigo ta ce ba daidai ba.

Faifan ajiyar kwamfuta kamar fili ne da aka yanka filoti-filoti, kowane filoti shi ne fatishan, akwai kuma takarda a farkonsa mai nuna iyakar kowane filoti. Takardar iri biyu ce. Tsohuwar ita ce MBR, tun 1983 ake amfani da ita. Ba ta ɗaukar manyan fatishan fiye da huɗu, kuma ba ta iya lissafin faifan da ya wuce terabait 2. Sabuwar ita ce GPT, wadda ke tafiya da UEFI, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta, kuma kusan duk laftof da ta fito da Windows 8 ko 10 daga kamfani a kanta take. Idan ka tayar da filash ta tsohuwar hanya, wato Legacy, manhajar sakawa za ta nemi MBR. Idan ka tayar da shi ta UEFI, GPT za ta nema. Kai ka shigo ta Legacy ka tarar da GPT, shi ya sa ta ƙi.

Don haka fara duba wace Windows 7 ce a filash ɗinka. In mai bit 64 ce, tana iya zama a kan GPT. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe Secure Boot, tsaron da ke hana tayar da manhajar da bai amince da ita ba, domin Windows 7 ta fito a 2009, ba ta san shi ba. Ka bar CSM, wato saitin da ke kwaikwayon tsohuwar hanyar tayarwa, a kunne, in ba haka ba sau da yawa takan maƙale a tambarin farko. Sai ka sake haɗa filash ɗin da Rufus, manhajar da ke zuba Windows a filash, ka zaɓi GPT. Wajen tayarwa za ka ga sunan filash ɗin sau biyu a jeri, ɗaya da UEFI a gabansa. Shi za ka danna.

In kuwa mai bit 32 ce, ko manhajar injin ba ta yarda da 64 ba, to dole faifan ya koma MBR, kuma a nan ne yara ke jawo wa shago magana. Umarnin da kowa ya haddace shi ne a danna Shift da F10, a rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk, sai clean, sai convert mbr. Wannan clean ɗin ba ya tambaya ko ka tabbata. Cikin daƙiƙa ɗaya yake share takardar iyaka gaba ɗaya, ba fatishan C mai Windows kaɗai ba, har da D inda mutane ke tara hotunan biki da lissafin bashi da zanen kwastomominsu. Kuma a list disk filash ɗinka ma yana cikin jerin. Dubi girman kowanne da kyau kafin ka zaɓi lamba; wanda ke da tauraro a layin Gpt shi ne mai tsarin GPT. Kafin duk wannan, ciro faifan ka haɗa shi da kwamfutar shago, ka kwashe kayan mutumin kaf, ka kira shi ya gani da idonsa cewa sun buɗe. Ko ya ce maka babu komai a ciki, kwashe. Kayan mutane amana ne a hannunmu, kuma kwastoma bai cika tuna abin da ya ajiye ba sai ya ɓace.

Ni abin da na fi so a irin wannan aiki shi ne a cire faifansa na asali a ajiye masa, a saka wani ƙaramin faifai na SSD a ɗora Windows 7 a kai. Kuɗin ba shi da yawa, kuma duk ranar da ya so komawa 10 sukurori kaɗan ne tsakaninsa da ita.

Akwai wasu matsaloli biyu da ke kama da na fatishan amma ba su ba ne. Idan jerin ya fito fayau babu faifai ko ɗaya, duba ko faifan irin NVMe ne, wani sabon nau'in SSD, domin Windows 7 ba ta zo da direbansa ba, wato manhajar da ke sa ta gane shi. Idan kuma ta ce ta rasa direban CD alhali da filash kake aiki, matsalar ramin USB 3 ce, wanda galibi shuɗi ne; koma ramin da ba shuɗi ba. A injinan Intel daga ƙarni na 6, na 2015 zuwa sama, ko hakan ba ya isa, sai ka cusa direban USB 3 cikin filash ɗin tun kafin ka fara.

Wata rana za a kawo maka mai son Windows XP. Ita ta 2001 ce, mai bit 32 ba ta karanta GPT sam, kuma ba ta san AHCI ba, wato sabon salon da kwamfuta ke magana da faifai. Za ta ce ba ta ga faifai ba, ko ta ba ka shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Ka shiga BIOS ka mayar da saitin SATA, mahaɗin faifan, daga AHCI zuwa tsohon salo, wato IDE. In CD ɗin saka XP ɗin tsoho ne wanda bai kai SP1 ba, wato babban gyaranta na farko, gigabait 137 kawai zai gani komai girman faifan.

Ka gaya wa kwastoman gaskiya kuma: Microsoft ta daina gyara Windows 7 tun Janairun 2020, saboda haka ya bar laftof ɗin ga injinsa, kada ya riƙa shiga banki ko buɗe imel da ita. Turo mini lambar samfurin laftof ɗin da hoton abin da list disk ya nuna kafin ka taɓa komai.