Mun buɗe zaman injiniyoyi a Gadarif, amma mutane sun daina zuwa. Ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne, na karanta fannin lantarki, yanzu ina Gadarif, a gabashin Sudan, ina aikin haɗa sola. Mu shida muka haɗa kai, har da 'yan'uwa biyu da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani, muka fara zama duk wata ana gabatar da lacca kan fasaha. Zaman farko ɗaki ya cika, na biyu rabi, na uku mu kaɗai muka zauna. Masu aikin hannu na kasuwa, waɗanda dominsu muka fara, ko ɗaya bai dawo ba. Me muka yi ba daidai ba? Kuma wasu sun ba mu shawarar mu riƙa ba da takardar shaida don jawo mutane, shin hakan ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi muku albarka, ku shidan nan. A wannan hali da ake ciki tun Afrilun 2023, mutum ya samu zuciyar tara mutane don ilimi ba ƙaramin abu ba ne, don haka kada kujerun da kuka gani babu kowa su karya muku gwiwa.

Ba ka faɗa mini yadda zaman yake gudana ba, amma kalmar lacca da ka yi amfani da ita ta nuna mini hanya. Ina zaton akwai majigi, akwai mutum ɗaya a tsaye yana nuna hotuna a bango, sauran suna zaune suna saurare. Ni ma haka na fara shekarun baya, kuma abin da ya same ku shi ya same ni. Wani dattijon usta, wato gwanin mai sana'ar hannu, wanda ya fi shekara talatin yana naɗin motar lantarki da gyaran ɗulumba, wato famfon jan ruwa, shi ya fahimtar da ni. Na tare shi a warsharsa na tambaye shi dalilin da ya sa bai koma ba. Ya ce ya rufe shago awa uku, ya saurari magana mai daɗi, amma da ya dawo bai ga abin da zai yi daban a aikinsa ba. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko. Mai aikin hannu lokacinsa shi ne abincin gidansa, ba zai sake ba ka shi ba sai in ya tashi da wani abu da gobe zai hana masa asara ko ya kawo masa ciniki.

Saboda haka ku ajiye majigin tukuna, ku kawo abin da ya lalace a tsakiyar fili. Inbatar da ta ƙone, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, batirin da ya kumbura, wayar da ta narke, famfon da aka zaro daga rijiya. A ɗora a kan tebur, a kewaye shi, a tambayi mai shi yadda abin ya faru, sannan a auna. Gani ya kori ji. Kuma garinku ba ya rasa irin waɗannan kaya. Tun da wutar gwamnati ta ƙara taɓarɓarewa, musamman bayan hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashar madatsar ruwan Marawi a farkon 2025, wadda ƙarfinta ya kai megawat 1,250 kuma ƙasar ta daɗe tana dogaro da ita, kowa ya koma sola: gidaje, shaguna, asibitoci, gonaki. Masu haɗawa sun yi yawa, masu lissafi kafin su haɗa kuwa kaɗan ne. A nan zamanku zai yi amfani.

Bari in ba ka misalin zama ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ku nemo farantin sola biyu iri ɗaya, masu wat 550 da suka cika kasuwa. Ɗaya ku bar shi a waje mako biyu ƙura ta hau shi, ɗayan ku wanke shi da asubar ranar, kafin gilashin ya yi zafi. Ku jera su a rana, suna fuskantar kudu, a karkace kamar digiri 14 ko 15, gwargwadon inda Gadarif take a doron ƙasa. Ku miƙa wa wani yaron shago mita ya auna da hannunsa, ya faɗi lambar da ƙarfi kowa ya ji. Za a ga amfiyar mai ƙura ta gaza ta wankakken. Daga nan sai ku juya farantin a karanta takardar da ke manne a bayansa. Wat 550 ɗin nan an auna shi ne a ɗakin gwaji, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan zafin digiri 25. A ranar Gadarif ta watan Afrilu, jikin farantin yakan kai digiri 65. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25 yana cin kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Digiri 40 ke nan, wato asarar kashi 14 zuwa 16. Farantin da aka sayar wa mutum a matsayin 550 sai ya koma 470 ko ƙasa, tun kafin a sa lissafin ƙura. Ranar da usta ya ga wannan da idonsa, ya gane dalilin da ya sa mai gida yake kiransa yana faɗa cewa an cuce shi, kuma ya gane amfanin barin sarari tsakanin faranti da kwanon rufi don iska ta ratsa. Wannan mutumin zai dawo wata mai zuwa, har ya taho da abokinsa.

Zama na biyu ku ba batir, domin a nan kuɗin mutane ya fi ƙonewa. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a lissafi, amma wanda yake so ya daɗe ba zai sha fiye da rabi ba, wato 1,200. Zafi kuma maƙiyinsa ne: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. To ka duba inda ake ajiye batura a gidajenmu, ɗan ɗakin kwano marar taga, kusa da inbatar da ita ma take fitar da zafi. Batirin litiyam yana ba da kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, sai dai tsada, kuma jabu da tsofaffin da aka sake wa riga sun shigo kasuwa, don haka a koya wa mutane gwada shi da lodi maimakon yarda da rubutun jikinsa. A wannan zaman ne kuma za ku kawo maganar kaurin waya. Inbata mai wat 3,000 a kan bolt 24 tana jan amfiya 125 ko fiye daga batir, a kan bolt 48 kuwa rabin haka. Zafin da waya take yi yana ninkuwa huɗu idan amfiya ta ninka biyu. Ku kawo narkakkiyar waya a zagaya da ita hannu-hannu yayin da ake wannan lissafi a allo.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka kada wani zama ya wuce ba a taɓo shi ba, ko da na minti biyar ne, shi ne haɗarin wutar DC, wato wutar da faranti da batir suke bayarwa, mai tafiya gefe ɗaya. Yaranmu sun saba da tunanin cewa sola wuta ce mai sanyi, ta bolt 12, ba ta kisa. Farantin 550 guda ɗaya yana ba da kusan bolt 50 idan ba a ɗora masa lodi ba. Ka jera goma kai da wutsiya, ka samu bolt 500, kuma babu makunnin da zai kashe rana. Wutar AC ta gida, mai zagaye 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta yakan mutu da kansa. Ta DC ba ta da wannan hutun, idan ta kama tartsatsi sai ta ci gaba da ci har ta ƙona abin da ke kusa. Don haka birekar AC ba ta maye gurbin ta DC, kuma ba a zare mahaɗin faranti alhali yana ɗauke da lodi. Na taɓa zuwa duba wani shago da ya ƙone ƙurmus saboda wannan kuskuren na bireka, mai shi kuma bashi ya ci ya sa solar. Har yau ina tuna fuskarsa.

Tunda ƙasarku ta noma ce, ta dawa da riɗi, ga kuma ƙarancin ruwan sha da garin ya daɗe yana fama da shi, famfon sola zai ci zama biyu ko uku shi kaɗai. Lissafinsa ba shi da wuya, kuma duk wanda ya iya shi ya fi ƙarfin a yi masa ciniki da ka. Ɗaga lita 1,000 na ruwa tsawon mita ɗaya yana cin wat-awa 2.7 da 'yan kai. Mai lambun da yake son lita 50,000 a rana daga zurfin mita 60, har da hawan tanki da gogayyar bututu, yana bukatar kusan kilowat-awa 8.2 a jikin ruwan kansa. Idan famfo da motarsa rabin wutar da suka sha suke mayarwa aiki, bukatar ta zama 16.4. Ka raba da awa shida na cikakkiyar rana, ka samu kilowat 2.7, ka ƙara rarar zafi da ƙura, ka tsaya wajen faranti bakwai. Amma a ja kunnen kowa: zurfin da ake lissafi da shi shi ne inda ruwan yake sauka bayan famfo ya daɗe yana ja, ba inda yake kwance da safe ba. Wanda ya manta da wannan, famfonsa zai sha iska ya ƙone. A irin wannan zama ku gayyato mai haƙar rijiya, shi ya san ƙasar fiye da ku.

Wannan ya kawo ni kan wanda zai riƙa magana. Kada ku bar allo a hannun masu digiri kaɗai. Ku raba kowane zama tsakanin usta da muhandis, wato injiniya: usta ya buɗe inbatar ya nuna abin da ya saba gani yana ƙonewa, muhandis ya bayyana dalili da lamba. Dattijon da aka ba tsayuwa a gaban mutane, aka kira shi da girmamawa, ya zama mai zaman, kuma yaransa duka za su biyo shi. 'Yan'uwanku biyu da suka zo daga Khartum da Madani, da ire-irensu da ke zaune a garin yanzu, wasunsu sun yi aiki a manyan masana'antu da tashoshin wuta da gonakin Jazira, ku neme su tun suna kusa. Ku nemi mata injiniyoyi ma, jami'o'in Sudan sun yaye su da yawa, ku tanadar musu wurin zama da ya dace. Harshe kuwa, ku yi da wanda mutane suke ciniki da shi, Hausa da Larabci a gauraye kamar yadda aka saba, sunayen da ke jikin na'ura a bar su yadda suke don mutum ya gane su idan ya gani. Ƙofa kuma ta kasance a buɗe ga duk mai sana'ar, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Juma'a da hantsi ta fi, daga tara zuwa sha ɗaya, kasuwa ba ta cika ba, ga rana ta gwaji, a tashi kafin masallaci. A yi a warshar wani daga cikinku, ana juyawa. Lokacin yankan riɗi da girbin dawa ku ɗaga zaman, ba wanda zai zo. Ku sanar da hukuma da shugabannin unguwa kafin ku tara mutane, halin tsaro ya sa wannan ya zama dole. Kuɗin shayi da na sayen mita ɗaya ko biyu ku tara a tsakaninku, ko ta manhajar tura kuɗi ta Bankak ne, a rubuta a littafi. Idan ɗan kasuwa ya ba da aron kaya a gode masa a bainar jama'a, amma a auna kayansa kamar na kowa, a faɗi abin da mita ta nuna.

Batun takardar shaida kuwa, ban goyi baya ba. Rajistar injiniyoyi aikin Majalisar Injiniyoyi ta Sudan ce, shaidar koyon sana'a kuma tana da cibiyoyinta. Takardar da ku shida za ku buga, wani zai ɗauke ta ya nuna wa mai gida a matsayin lasisi, ya je ya haɗa bolt 500 a kan rufin mutane, in abu ya faru sunanku ne a ƙasa. Kuma za ta tara muku masu zuwa don takarda, su sa hannu su fita. Abin da ya fi, kowane zama a tashi da shafi ɗaya da aka rubuta lissafin ranar da lambobin da aka auna, a ɗauki hotonsa a tura a zauren WhatsApp, usta ya buɗe shi gobe a gaban mai saye. In daga baya zaman ya kafu, kuna son shaida mai daraja, sai ku je Jami'ar Gadarif ko wata cibiyar koyon sana'a ku nemi su ɗauki horon a ƙarƙashinsu, su yi jarrabawa, su sa hatiminsu.

Kafin zama na gaba, ku shidan ku rarrabu ku zaga warsha-warsha da ƙafa. Kowa ya tambayi usta uku abin da ya fi dawo musu daga wajen masu saye a wannan watan, ku roƙi aron ɗaya daga cikin kayan da suka lalace, ku kuma roƙi mai shi ya zo ya ba da labarinsa da bakinsa. In kun yi, ka rubuto mini abin da mitar ta nuna a kan faranti biyun nan, ina son in ji lambar Gadarif.