Amsa ga ɗan'uwan da babur ɗinsa ba ya tashi sai da cok

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka raina yana ɓaci, don duk abin da ka lissafa, wai babur ɗinka CG 125 ba ya tashi sai ka ja cok (abin da ke rage iska don inji ya sami mai da yawa), kana sakin totur ya mutu, in ka murɗa da ƙarfi ya shaƙe, kuma an wanke kafireta (inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji) amma jiya i yau, duk na sha su a nawa a nan Gadarif, ƙasar Sudan.

Kafin komai, don Allah kada ka bar wa kowa babur ka tafi gida. Ka tsaya a kansa ko da rana za ta cinye ka. Ni wani usta, wato makanike, shi ne ya cuce ni, mutumin da nake gaisarwa da girmamawa, ina ce masa baba saboda furfurarsa. Kafiretata ƙirar kamfanin Keihin ce ta asali wadda ta zo da babur ɗin, ba abin da ya same ta sai datti. Ya zaro waya daga tsohon kebul ɗin birki ya dinga zura wa jet, ɗan ƙarfen nan mai rami da mai ke bi a cikin kafireta, yana juyawa har ya buɗa ramin. Daga ranar babur ya koma shan banzin, wato fetur, ba ƙaƙƙautawa, baƙin hayaƙi a salansa, fulogi kullum baƙi ƙirin. Na koma masa, ko kunya babu ya ce ai kafiretar ce ta mutu, ya ɗaura min 'yar Cana, tawa kuma ya jefa a kwali wai ta zama shara. Daga baya na gan ta da idona a teburinsa an wanke ta tas an sa mata sabon jet, tana jiran mai saye. Na yi magana ya ce ba tawa ba ce. Na san tabon sukudireban da ke jikin kofinta fa!

Abin da ba zan manta ba shi ne daren da zazzaɓi ya rufe 'yata, tsakiyar damina, ka dai san lakar Gadarif in ta sha ruwa. Uwarta na baya ta rungume ta, muna hanyar asibiti babur ya yi tari ya ɗauke. Na buga kik har ƙafata ta sage, ba ko motsi. Ba wuta a unguwar, ba raksha (keke mai ƙafa uku na haya), yarinya jiki zafi rau tana kiran sunana, uwar tana kuka tana cewa mu tafi da ƙafa. Haka na jingina shi a katangar mutane na saɓa yarinya a kafaɗa muka kutsa cikin laka, takalmina ɗaya can na baro shi. Allah ya ba ta lafiya, alhamdu lillahi, amma har yau in na wuce ta gaban rumfar mutumin nan sai na kawar da kai. Na bar shi da Allah.

To naka. Babur da ba ya tashi ko zama sai da cok, mai ne ba ya isar sa a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba, kuma galibi ƙaramin jet ne ya toshe, ba babban ba. Masu wankin nan da yawa kofin ƙasa kawai suke kwancewa su ɗauraye su mayar. Ka sa a ciro ƙaramin a gabanka, ka ɗaga shi saitin rana, in ba ka ga haske zagaye sosai ba to bai fita ba. A jiƙa shi a banzin mai kyau a hura da iskar kwamfaresa, har da 'yan hanyoyin da ke jikin kafiretar kanta. Ban da waya, ban da allura, jet tagulla ne, yana buɗewa shi ke nan.

Sannan banzin ɗin da muke sha. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 wa ya tsira daga na kwalba da jarka a bakin hanya? Ban ga laifin masu sayarwa duka ba, kowa abinci yake nema, amma akwai ruwa akwai ƙasa a ciki. Ruwa ya fi banzin nauyi, ƙasan kofi yake kwanciya, daidai inda jet ke zuƙa. Akwai ɗan sukuru a gindin kofin, rufe famfon mai ka sassauta shi ka tara a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya ware a ƙasa. Ni yanzu da ƙyalle nake tacewa, kuma na sa ƙaramar filta a tiyon. Tsohon tanki ma yana zubo tsatsa, ka leƙa da tocila.

Af, robar da ke tsakanin kafireta da inji, duba ta. Zafin ƙasar nan yana tsattsaga ta, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, sai silo ya yi ta hawa da sauka, kai kana ta zargin jet. Ita ma soson filtar iska, bayan kowace habub, wato guguwar ƙura, ka wanke, ya bushe, ka shafa masa ɗan baƙin mai ka matse. Yaran da ke cire shi gaba ɗaya wai don gudu, ƙura suke ɗura wa fistin.

Sukurun iska da ke jikin kafireta kuwa, a mayar da shi ciki a hankali har ya tsaya, kada a danne, a dawo da shi kamar zagaye 1 da rabi, daga nan a daidaita bayan inji ya yi zafi.

In wani ya ce ka sayi sabuwa, kada ka yarda tukuna, in ma ka saya ka riƙe tsohuwarka a hannunka. Ka kwance fulogi yau ka turo mana hotonsa, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi da toka ya yi yawa, ruwan ƙasa shi ake so. Ka kuma faɗa mana ko Keihin ce a jiki ko an riga an canja maka.