Tambayoyi da Amsoshi: Na'urar PDA ta aikin sito, wacce za a saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da sito na kayan masarufi a jumla, da yara shida masu ƙirga kaya da littafi da biro, kuma kullum lissafi ba ya cika. An ba ni shawarar in sayi PDA. Mece ce ita, kuma me ya raba ta da wayar Android da ke aljihuna?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Asalin PDA ƙaramar kwamfutar aljihu ce ta ajiye lambobin mutane, jadawalin aiki da 'yan rubuce-rubuce. Kamfanin Psion na Ingila ya fito da irinta a 1984, Apple ya kawo Newton a 1993, sai Palm Pilot a 1996. Wayoyin zamani sun haɗiye wannan aikin gaba ɗaya. Abin da 'yan kasuwa ke kira PDA yau shi ne na'urar hannu mai ƙarfin jiki, mai sikana a kanta (idon da ke karanta bakod, wato lambar layi-layi da ke jikin kaya), wadda kamfanoni irin su Zebra, Honeywell da Datalogic ke ƙerawa. Yawancinsu Android ne a ciki.

Amma kafin ka fitar da ko kwabo, fara da manhajar da za ta riƙe lissafin kayan. Nan ne mutane suka fi yin asara: a sayo na'ura shida, sannan a tarar manhajar ba ta hawa kansu. Ka tambayi mai manhajar wane zubin Android take buƙata, ko tana karɓar bayani kai tsaye daga sikana, kuma ko tana aiki idan intanet ya ɗauke, ta ajiye bayanin har ya dawo. Idan wannan na ƙarshe babu, ka nemi wata manhajar.

Sai sikana, wadda ita ce babban bambancin. Kyamarar waya tana karanta bakod, amma sai ta tsaya ta daidaita hoto, kuma duhun sito ko leda mai ƙyalli na rikita ta. Na'urar PDA tana da idon karatu na musamman da maɓalli a gefe, da ka latsa lambar ta shiga. Iri biyu ne: mai hasken leza, wadda ke karanta bakod mai layi-layi kawai, da mai ɗaukar hoto, wadda ake rubuta wa 2D. Ka ɗauki 2D. Ita ce ke karanta lambar QR, kuma tana karanta lamba daga fuskar waya, abin da leza ba ta iyawa. Idan kayanka na kan kanta mai tsawo, ka tambayi nisan da take iya karatu, don wasu sai an kusanto da su.

Game da ƙarfin jiki, kada ka tsaya ga kalmar mai sayarwa, duba lambar IP a takardar na'urar, wato ma'aunin jure ƙura da ruwa mai lambobi biyu. Lamba ta farko ta ƙura ce, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce: IP65 na jure feshin ruwa, IP67 kuwa na jure nutsewa a zurfin mita 1 har minti 30. Ga sito mai buhunan gari da siga, ga kuma ƙurar hunturu, lambar farkon nan ta fi muhimmanci gare ka. Duba kuma daga tsayin nawa aka gwada faɗuwarta, kuma a kan siminti ne ko katako, domin ba ɗaya ba ne.

Gaskiyar magana, idan kayan da kuke shigarwa a rana ba su da yawa, waya mai riga mai kauri da ƙaramar sikana ta Bluetooth sun ishe ka. PDA tana biyan kuɗinta ne inda ake ta sikanin daga safe har yamma. Ko da ka yanke shawarar saya, fara da guda ɗaya, ka ba yaron da ya fi kowa aiki ya gwada ta mako biyu.

TAMBAYA: Malam, na ga PDA 'yan gwanjo masu arha, an ce Windows ne a cikinsu, jikinsu kuma garau. In saya?

AMSA: Kada ka saya, ɗan'uwa. Microsoft ya daina kula da Windows Embedded Handheld 6.5 tun watan Janairun 2020, kuma Windows Embedded Compact 2013, wanda shi ne na ƙarshe a wannan dangin, ya bi sahu a Oktoban 2023. Ma'ana babu sauran gyaran tsaro, kuma da wuya ka sami sabuwar manhajar da za ta hau. Dalilin arhar ke nan: kamfanonin waje sun sallame su ne bayan sun koma Android.

Ko 'yar gwanjo mai Android ce, akwai tarko. Manyan kamfanoni kan ɗaure na'urorinsu da tsarin kulawa daga nesa, kuma idan ba su cire ta daga rajistarsu ba, ko an goge ta sai ta sake kulle kanta da zarar ta shiga intanet. Don haka a gabanka za a goge ta, a haɗa ta da intanet, a kammala saitin har ƙarshe. Ka duba ko tana da Play Store, domin ana ƙera wasu ba tare da manhajojin Google ba. Sannan ka cire batirin ka duba ko ya kumbura.

TAMBAYA: Masu kai mana kaya ƙauyuka za su riƙe na'urar. Me zan kula da shi?

AMSA: Hajiya, fara da tabbatar da cewa tana ɗaukar layi. Sau da yawa samfuri biyu kan yi kama kamar tagwaye: Zebra TC21 Wi-Fi kaɗai take amfani da shi, TC26 ce mai ramin layi. Idan daga waje za a kawo, a duba tana kama zangon 4G mai lamba 3, 7, 20 da 28, waɗanda kamfanonin sadarwar Najeriya ke amfani da su.

Batir kuma a zaɓi wanda ake cirewa, a sayi na ajiya ga kowace na'ura, da cajar tebur mai ramuka da yawa don a cika su tare lokacin da aka kawo wuta. Zafi ne babban makashin batirin litiyam, ba a so a yi masa caji idan zafi ya haura digiri 45. Ki gargaɗi direbobi kada su bar ta a gaban mota cikin rana, musamman a watan Afrilu, kuma idan ta yi zafi a bari ta huce a inuwa kafin a jona ta.