Baba na amsa "to" ga duk abin da likita ya faɗa: gigin tsufa ne ko kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina mai shekara 74 yana kwance a asibiti saboda hawan jini. Duk bayanin da aka yi masa sai ya gyaɗa kai ya ce "to", amma da aka tambaye shi adadin ƙwayoyin da zai sha sai ya faɗi wani abu dabam. Wasu sun ce gigin tsufa ne. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, kafin kowa ya yanke hukuncin gigi, a fara duba kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su gudanar da al'amuransu yadda ya kamata. Shi ya sa a 2021 ta ba da shawarar a riƙa gwada jin mutum daga shekara 50, duk bayan shekara biyar, in ya kai 65 kuma duk shekara ɗaya zuwa uku. Abin takaici, a ɗakunan jinya ana auna jini da suga kullum, kunne kuwa ba mai waiwayarsa.

Raunin jin tsufa sannu yake shigowa, kuma siraran sautuka yake fara ɗaukewa, irin su s, f, sh da ts. Dattijo na jin murya, amma kalmomin sun cakuɗe. Ga hayaniyar ɗakin jinya, ga likita da takunkumi ya rufe leɓɓan da Baba ke karantawa. Kunya ba za ta bar shi ya yi ta cewa "me ka ce?" a gaban 'ya'yansa ba, sai ya ce "to" a wuce wurin.

Ki roƙi a yi masa abu biyu. A leƙa kunnen da fitilar duba kunne, don sau da yawa datti ne ya daskare ya toshe hanyar, kuma maganin ɗigawa na 'yan kwanaki yana tausasa shi a wanke. Sannan a yi gwajin raɗa, wanda ba ya cin ko sisi. Mai gwajin zai tsaya bayan Baba, tazarar tsawon hannu, kamar santimita 60. Zai danne ƙofar kunnen da ba shi ake gwadawa ba da yatsa yana murzawa a hankali, ya fesar da numfashinsa gaba ɗaya, sannan ya raɗa lambobi uku, misali "takwas, biyu, biyar". In Baba bai maimaita daidai ba, a sake da wasu ukun. Wanda bai kama uku cikin shida ba, a tura shi gwajin na'ura. A yi wa kowane kunne nasa. Inda ake kuskure shi ne rashin fesar da numfashin, sai raɗar ta yi ƙarfi, mai matsala ya tsallake. Haka in aka tsaya a gabansa, leɓe zai karanta.

Gwajin na'ura a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake yinsa, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ba ta da nisa da ku. In kunnen da ya fi lafiya ya rasa fiye da desibel 35 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), lokacin maganar na'urar taimaka wa ji ya yi.

Ki kuma tambayi irin allurar da ake yi masa. Gentamicin, streptomycin, kinin da furosemide mai yawa ta jijiya duk suna iya taɓa kunne, balle in ƙoda ta yi rauni.

Kafin nan, a daina yi masa tsawa, domin ɗaga murya gurɓata kalmomi yake yi. A fuskance shi cikin haske, a yi magana a tsanake, a ce ya maimaita adadin maganin da bakinsa. Amma idan jin ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko ruɗewar ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaya wa likita a ranar, kada a jira sallama.